Wace tele zan saya? Amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini nan Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata gyaran tele da ɗaura parabol nan cikin garin Tawa, kuma tambayoyin da ake mini kusan kullum iri guda ne, a butik, a WhatsApp, har wurin suna wani sai ya ja ni gehe ya nuna mini hoton tele cikin salula ya ce in gaya mishi tsakani da Allah in ya saya ko a'a. Shi ya sa na tara su wuri guda, wanda ya tambaya in turo mishi ya karanta. Wasu amsoshin sun yi tsawo, ku yi haƙuri.

Malam plasma nake so, wace ce mai kyau?

Duk tele mai faɗi mu nan plasma muke ce mata, amma wadda ke cikin kwali sabuwa a kasuwa ba plasma ba ce. Plasma ta ainihi an daina yin ta tun 2014, Panasonic da Samsung da LG duk cikin shekarar nan sunka rufe layinta. To in wani ya kawo maka plasma ta gaske, ka san ta wuce shekara goma a duniya ko da ta yi ƙyalli. Za ka gane ta da nauyi, mutum guda ba ya ɗaukar mai pus 42, wato inci 42, cikin daɗin rai, fuskarta gilashi ne mai kauri, kuma in ta yi awa guda tana aiki ka kai hannu samanta za ka ji zafi na tashi. Hotonta na da kyau, wannan ba a musu, baƙinta baƙi ne sosai kuma bal na gudu sumul cikinta, amma tana shan kuran wat 200 har 300 inda LED mai girmanta ba ta kai 100 ba. Ga kayan gyaranta sai dai a ciro daga wata matacciya. A bar ta.

To mi ne bambancin LCD da LED?

Uwa ɗaya uba ɗaya. Gilashin LCD shi kanshi ba ya ba da haske, sai an sa mishi fitila daga baya, shi kuma aikinshi ya buɗe ya rufe ya tace launi. Na da, ƴan siraran fitilun neyon ake jerawa a baya, daga baya anka maye su da ƙananan ƙwayayen LED, sai ƴan kasuwa sunka ce ga sabuwar tele LED. Yau duk wadda za ka gani sabuwa mai sauƙin kuɗɗi wannan ce.

Abu guda da ya kamata ka duba, inda anka jera fitilun. Wasu a gehen gilashin suke, su ne siraran nan da ke burge mutane in an rataye su ga bango, wasu kuma a baya suke shimfiɗe ko'ina, sun ɗan fi kauri. Ni mai kaurin nake zaɓa wa mutane, don siririyar duk zafin fitilunta wuri guda yake taruwa, kuma su ne na fi ganin an kawo da haske ya yi dabbare-dabbare ko ƙasan hoton ya yi duhu.

QLED da OLED fa? Mai butik ya ce mini duk ɗaya ne

Ba ɗaya ba ne ko kaɗan, harafi guda ne ya raba sunan amma aikin ya yi nisa da juna. QLED ita ma LCD ce mai fitila a baya, sai dai an ƙara mata wani shafi na ƙananan ƙwayoyi da ke sa ja da kore su fito tsab, Samsung ce ta yayata sunan tun 2017, yanzu TCL da Hisense duk suna yi. OLED kuwa ba ta da fitilar baya sam, kowane ɗigo na hoton shi ke kunna kanshi ya kashe kanshi. Ka ɗauka LED fitila ce guda bayan asabari, ko ka sauke asabarin haske na ɗan zurarowa, ita ko OLED in wuri baƙi ne a hoton a kashe yake ƙurmus. Shi ya sa in ka ga OLED cikin ɗaki mai duhu ana fim ɗin dare, wallahi sai ka raina taka ta gida. LG ce ta fito da manyansu kasuwa a 2013, kuma har yanzu OLED na cikin na saman layi wajen tsada.

Ina da halin OLED, in saya?

Alhaji, tukuna, gaya mini mi ake kallo gidanka. In gida ne da ake kunna tele tun safe a bar ta kan tasha guda har bayan isha'i, Télé Sahel ko Sunna TV ko tashar labarai mai rubutu na gudu a ƙasa, to OLED ba taka ba ce. Tambarin tasha da ke zaune kusurwa guda awa goma kullum yana cinye ɗigogin wurin fiye da sauran, bayan wani lokaci sai ka ga inuwarshi ta zauna ko ka canza tasha, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an canza gilashin gaba ɗaya. Sababbin sun fi na farko juriya, suna da dabarun kare kansu, amma zafi na ƙara gaggauta lalacewar, mu kuma zafi ba mu da ƙarancinshi. Sannan salon mai manyan tagogi da rana ke shigowa, QLED mai ƙarfin haske ta fi nuna kanta a wurin.

In ko ɗaki ne mai kilim da labule, kai kaɗai ko da ƴan baƙi, fim da bal na awa biyu uku da dare, ga ondiler mai kyau mai riƙe wuta in kuran ya ɗauke, to bismilla, babu wadda ta kai ta hoto. Ka dai sani in ta samu matsalar gilashi babu mai yi maka ita a Tawa, ko Yamai ma da wuya.

Mini-LED kuma?

LCD ce dai, amma fitilun bayan ƙanana ne ƙwarai kuma da yawa, an kasa su yanki-yanki, inda hoto ke duhu sai yankin ya rage haske. Tana kusantar OLED wajen baƙi, ta fi ta haske, kuma tambari ba ya zama cikinta. Ga mai kuɗɗi a ƙasa mai rana irin tamu ni ita zan nuna mishi.

HD, Full HD, 4K, wanne ya kamata?

Nan ne mutane ke zubar da kuɗɗi, bari in ɗan tsaya. Hoton tele ɗigo-ɗigo ne. HD ɗigo 1280 a kwance 720 a tsaye, kodayake yawancin ƙananan tele masu pus 32 da anka rubuta wa HD 1366 da 768 suke. Full HD 1920 da 1080, ɗigo wajen miliyan 2 ke nan. 4K kuwa 3840 da 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu na Full HD. A takarda sai ka ce to ai 4K ta gama magana.

Amma tele abin da ka ba ta shi take nunawa. Yawancin tashoshin da ke shigo mana ta parabol ko dai HD ne ko ma ba su kai ba, tashoshinmu na gida da na maƙwabta da yawa hotonsu na da ne, fina-finan Hausa da ake tura wa mutane cikin kile ko katin memori an matse su an sake matsewa don su shiga da yawa. In ka zuba irin wannan cikin 4K mai pus 55, tele sai ta ƙirƙiro ɗigon da babu don ta cika fuskarta, mai tsada na yin wannan aikin da kyau, mai araha kuwa sai fuskar ɗan wasa ta koma kamar an shafe ta, sai mutum ya dawo butik yana faɗa wai an sayar mishi da jabu alhali tsohuwar ƙaramarshi ɓoye mishi aibin take. Hoton da ka gani a butik yana ɗaukar ido, na furanni da tsuntsaye, an ɗauke shi musamman don talla, ba shi za ka kalla gida ba. Ka ce su sa maka tashar da kake kallo kullum ka gani.

4K na gaske a nan ta intanet yake zuwa, YouTube ko Netflix, ko PlayStation. Netflix da kansu sun ce awa guda ta 4K na iya cin giga 7, ta HD giga 3. Ka lissafa da forfe ɗinka na Airtel ko Moov ko Zamani ka ga fim nawa za ka kalla a wata. Wanda ke da fibar ko Starlink wannan lissafinshi daban.

Sannan akwai ido. Daga mita uku, kan tele mai pus 43, mutum ba ya iya raba Full HD da 4K. To a taƙaice, pus 32 HD ta isa, in ka samu Full HD madalla, 40 zuwa 43 Full HD, daga 50 zuwa sama kusan duk 4K ne ake yi yanzu ko ba ka nema ba, sai ka zaɓi kamfanin da ya iya gyara ƙaramin hoto. 8K kar ma a kawo zancenta.

Pus nawa ya dace da ɗakina?

Pus ɗin nan inci ne, santimita 2.54, kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, ba faɗi ba. Mai 32 faɗinta wajen santimita 71, mai 43 wajen 95, mai 55 wajen 122, mai 65 wajen 144, sai ka auna bangon ko tebur ɗin kahin ka tahi kasuwa. Ɗaki ciki ɗaya da ake zama mita biyu daga tele, 32 zuwa 43. Salon da kujera ke mita uku, 50 ko 55. In abin da kake kallo hotonshi ba shi da kyau, ƙarama ta fi rufa asiri.

Mu tsakar gida muke kallo da dare, yara kan tabarma ko ta ina. Akwai wadda ta fi?

Yawwa, ga tambayar da ta fi 4K muhimmanci kuma ba a cika yin ta ba. Gilashin LCD iri biyu ne manya, IPS da VA. VA baƙinta ya fi zurfi in kana zaune gabanta daidai, amma da ka koma gehe launi ya fara kodewa, fuskoki su yi fari-fari. IPS baƙinta ɗan toka-toka ne cikin duhu, amma na gehe da na tsakiya kusan abu guda suke gani. Gidan da mutum goma sha ke kallo, wasu kan kujera wasu kwance ƙasa, maƙwabta sun shigo kallon kokowa lokacin gasar takobi, IPS ta fi muku. Ba kasafai ake rubuta shi kan kwali ba kuma mai butik sau da yawa bai sani ba, ba laifinshi ba ne. Gwajin mai sauƙi ne, a kunna, ka tsaya gaba ka kalli fuskar mutum a hoton, ka taka zuwa gehe sosai, sannan ka durƙusa ka kallo ta daga ƙasa kamar yaron da ke kan tabarma. In launin ya tsaya, ita ce.

Kuma don Allah in an gama a maida ta ɗaki. Raɓa ba ta dame mu sosai ba amma iskar damina ba ta sallama, kuma fitar da tele da shigar da ita kullum shi ke fasa gilashi, mai 32 ta fi sauƙin wannan hidima, a riƙe ta ta gehe da hannu biyu kar a danna fuskar da yatsa.

Gidan kallon bal zan buɗe, da ƴan PlayStation a gehe

Ƙanena Allah sa albarka. Kai LED za ka saya mai fitila a baya, babba, kar ka kusanci OLED don allon maki da tambarin tasha ba sa motsi. Biyu masu 55 a wurare biyu sun fi guda mai 75, na baya su gani, kuma in ɗaya ta tsaya ranar babban wasa ba ka maida wa mutane kuɗɗinsu ba. Zancen hertz kuma, wato sau nawa hoto ke sabuntuwa cikin sakan guda, tashoshin da muke kamawa 50 suke aikowa, kuma lambobin nan 400 ko 800 da ake bugawa kan kwali na talla ne, gilashin kanshi 50/60 ne ko 100/120. Mai 100/120 ta fi nuna gudun bal tsab amma da tsada, ba dole ba ce.

Na wasa, PS4 ta talaka 1080 take fitarwa, Full HD ta ishe ta. PS5 ce ke iya 4K har da 120, shi ma sai tele na da ƙofar HDMI 2.1. Abin da ya fi wannan duka, ka shiga menu ka sa ta kan yanayin wasa, mode jeu, in ba haka ba yaro ya danna manet sai an ɗan jima ɗan wasan ya motsa, su ko yaran nan suna ji a hannunsu, gobe sai ka gan su gidan wasan maƙwabcinka.

Kuran na yawan ɗaukewa, wace ce ke jurewa?

Babu wadda anka yi don wannan. Ɗaukewar ba ita ke kashe tele ba, dawowar ce, da kuma lokacin zafi da kowa ya kunna bantilater da firigo da kilim kuran ya yi ƙasa yana rawa. Kuranmu bolt 220 ne, tele da yawa an rubuta musu 100 zuwa 240 a baya, waɗannan sun fi haƙuri da ƙaramin kuran, ka duba takardar da ke manne bayanta. Duk da haka regilater mai daidaita kuran dole ne, mai ɗan jinkiri kahin ya saki wuta, kuma in an yi delestaj a zare fis daga bango, in ya dawo a bari ya zauna minti kaɗan. Masu grup, a tada shi ya daidaita tukuna sannan a sa tele, a kashe tele kahin a kashe shi. Da damina in hadari ya taso da tsawa a cire wayar parabol da ta eriya, ba fis kaɗai ba, don ta wayar nan take shigowa ta bi dekoder ta ƙone wurin HDMI.

In kana da jikka 150 misali, kar ka kai su duka kan tele. Ka rage girma ka fidda na regilater da rallonj mai kyau da ƙarfen ratayewa.

Ƙauye zan kai ta, panno muke da shi

To nan wat za ka duba kahin komi. LED mai 32 tana cin wat 30 zuwa 50, mai 43 wajen 60 zuwa 80, mai 55 na iya wuce 100. Mu ce taka 40 take ci, dekoder 10 zuwa 15, awa biyar da dare, ka tashi da wat-awa 250 zuwa 275. Batir mai 12 bolt 100 ampa a lissafi wat-awa 1200 ne, amma irin na dalmar nan rabi ake ci in ana so ya daɗe, 600 ke nan, ka ga ya ɗauki tele da ƴan fitilu da cajin salula. Sa mai 55 a wurin, kahin a tashi wasa batir ya yi ƙasa, wata shida ka sayi wani. Akwai tele da ke aiki kai tsaye da 12 bolt, masu 19, 24 har 32, su sun fi don ba sai an bi ta konbertiser ba, shi kanshi yana cin nashi kaso. Kuma rage hasken baya daga 100 zuwa 50 ko 60 yana rage cin wuta sosai, da dare ba ka ma lura.

Zafin Afrilu da Mayu ba ya lalata ta?

Yana yi. Littafin yawancinsu cewa yake a yi aiki da su har digiri 40, mu ko ɗakin kwano da azahar ya wuce nan. Kar a manna ta ga bangon da rana ke duka ta waje, a bar tazara bayanta iska ta wuce, kar a cusa ta cikin kabad mai gilashi. Hajiyoyi masu lulluɓe tele da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, daidai ne, amma sai ta huce bayan an kashe, kuma a yaye shi duka in za a kunna, ba a ɗage gaba a bar ramukan baya a toshe ba. Gogewa da busasshen tsumma mai laushi, a hankali, don ƙurarmu yashi ce tana karce gilashi. Kar a fesa ruwa ko maganin goge gilashi, yana gangarawa ƙasa ya ci ƴan siraran wayoyin da ke riƙe da hoton, daga nan sai layi-layi a tsaye.

Tana kama TNT, tashoshin dijital na eriya, ba tare da dekoder ba?

In an rubuta DVB-T2 a jikinta, kuma siginal na kaiwa unguwarku, e, eriya kawai za ka sa. T2 ɗin shi ne wanda ƙasashen UEMOA sunka tsayar har da Nijar. In kuma an ƙara S2, wayar parabol na shiga kai tsaye ka kama tashoshin kyauta. Na abonma irin Canal+ kuwa da dekoder ɗinsu za ka bi, kuma ka haɗa shi da wayar HDMI, ba jar nan da fara da rawaya ba. Gidaje da yawa na shiga na tarar da dekoder HD da tele Full HD an haɗa su da mai launi ukun nan, shekara da shekaru suna kallon hoto dishi-dishi.

Na gwanjo da ake kawowa daga Turai fa? An ce sun fi sababbi ƙarko

Akwai gaskiya ciki, tsohuwar Sony ko Philips ta asali an yi ta da kaya masu kyau. Amma ba ka san awa nawa ta yi tana aiki ba, fitilun baya suna da iyakar rayuwa. Sannan Faransa TNT ɗinsu galibi DVB-T ne, ba T2 ba, to tsohuwar tele daga can ko an rubuta mata TNT HD tana iya rasa T2, sai ka sayi ɗan dekoder daban. Ta Amurka kuwa a kiyaye, wasu 110 kaɗai suke ɗauka, ka sa ta bango sai hayaƙi, kuma tsarin tashoshinsu ma daban ne. In za ka saya ka tahi da kile mai hoto fari fat, baƙi, ja, kore da shuɗi, ka sa kowane ya cika fuskar, nan mataccen ɗigo da tabo da wurin da ya yi duhu ke fitowa. Ka bar ta a kunne ko rabin awa, wasu sai sun yi zafi suke nuna halinsu. Ka gwada kowace ƙofar HDMI, ka tabbata akwai telekomand.

Smart mai shiga intanet ko wadda ba smart ba?

Gilashin na iya shekara takwas ko goma lahiya lau, amma kwamfutar da ke ciki tana tsufa da wuri, musamman masu araha da ƙaramin memori, bayan ƴan shekaru YouTube ya fara nauyi ko ya ƙi buɗewa. Samsung na da Tizen, LG webOS, Hisense VIDAA, Sony da TCL yawanci Google TV, duk suna aiki. Waɗanda ba a san kamfaninsu ba da ke cewa Android, sau da yawa Android ɗin salula ne anka cusa ciki, yana wahalar da mutum da telekomand. In hoton wadda ba smart ba ya fi kyau a kuɗɗi guda, ɗauke ta, ka sa mata ɗan akwatin Android ta HDMI, in ya tsufa shi kaɗai za ka canza.

An rubuta HDR, yana da amfani?

HDR tsari ne na fito da wuri mai haske da mai duhu tsab cikin hoto guda. Kan mai tsada mai ƙarfin haske, yana da amfani sosai. Kan mai araha rubutu ne kawai, tana karɓar siginal ɗin amma ba ta da hasken nuna shi, wani lokaci ma hoton duhu yake ƙarawa. Kar ka ƙara ko dala saboda shi.

Ya zan gane jabu?

Sunan da ke gaba manna shi ake, kwali ma bugawa ake. Ka duba lambar model da ke bayan tele, ka shiga menu wurin bayanin na'ura ka ga ko sun yi daidai da juna da ta kwali, sannan ka buga lambar a Google ka ga ko kamfanin ya san da ita da girman da anka faɗa. Samsung ta gaske menu ɗinta Tizen ne, LG ta gaske webOS, in ka ga sunansu a gaba amma ciki wani Android ne barkatai, an gama magana. Wata kuma an rubuta 4K kan kwali gilashin ko Full HD bai kai ba, ka matsa kusa sosai ka kalli ƙananan rubutun menu, na 4K sumul yake, na jabu gehenshi tsani-tsani. Ka zo da mita ka auna kusurwa, ana sayar da 40 da sunan 43. Ba ina cewa mai arahar da ba ta da suna haramun ba ce, a sayar maka da ita a matsayinta da kuɗɗinta, shi ke nan. Kuma a rubuta maka faktir da lambar tele da tsawon garanti, ko a Yamai ka saya ko Ƙonni ko nan kasuwar Tawa.

Tele tawa murya na fita amma babu hoto, ta mutu?

Galibi a'a. Kashe fitilar ɗaki ka haska tocilan ɗin salula dab da gilashin, in ka hango hoto dishi-dishi yana motsi to fitilun baya ne sunka ƙone, ana canza su kuma bai kai kuɗɗin sabuwa ba ko kusa. Ka ce mai gyara ya canza layin duka, ba ƙwaya ɗayan da ta mutu ba, don sauran ma suna hanya. Abin da ke jawo shi yawanci hasken baya da ake bari a 100 tun ranar da anka fiddo ta kwali. Wadda ba ta kunnuwa sam bayan kuran ya dawo, sau da yawa katin wuta ne, shi ma yana gyaruwa. Gilashi in ya fashe kuwa sai haƙuri, kuɗɗinshi ya kusa na sabuwa.

Ɗana, ta kayan ɗakin ɗiyata nake nema, kar a raina mu kuma kar in yi asara

Hajiya Allah sanya alheri, Allah ba su zaman lahiya. LED mai 43 Full HD ta kamfanin da anka sani, mai T2 da S2 a ciki, ta isa ɗakin amarya ta kuma yi kyau ga ƴan ganin ɗaki. In ɗakin ƙarami ne ko gidan panno gare su, 32. Ki haɗa mata da regilater cikin kayan, kuma ranar jere a sa wanda ya iya ya rataye ta ga bango sama da inda hannun yara ke kaiwa, kar a ɗora ta kan kabad cikin kwanoni.

Daga Yamai zan sayo ta, ya zan kawo ta Tawa lahiya?

A buɗe a kunna a gabanka can butik kahin ka biya, ka yi gwajin launukan nan, sannan a maida ta kwalinta da farin soson da ta zo da shi. A tsaye take tahiya, kar a kwantar da ita, babban gilashi in yana kwance nauyinshi na tsakiya ba shi da madogara, hanyar nan kuma ta wuce kilomita 500, rami guda ya isa. In cikin bas za ka sa ta, ka tsaya da kanka wurin masu lodi ka ga inda anka jingina ta, kar buhu ko akwati ya danne fuskar, ka ɗan ba yaron lodi na shayi. In ka iso kar ka jefar da kwalin, garanti na iya buƙatarshi, kuma ranar tashi daga gidan haya za ka neme shi.